Ranar da Aka Buɗe Shofaj a Bazara

A bazarar shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, nasara ba su kai ga tafiya ba tukuna, na tsaya a ƙofar gidan kakata a wani ƙauye kusa da Yekuwa, riƙe da gugan fata, Baba yana ɗura wa mota ruwa. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma rairayi ya fara cin tafin ƙafa. A cikin gida ƙanena Idi ne kwance, ƙyanda ta rufe shi, idanunsa sun manne, ko kunu ya daina karɓa. Ziyara muka zo da Inna cutar ta kama shi, shi ne aka aika wa Baba ya zo ya kai shi likita a Magariya.

Motar ba ta Baba ba ce, tuƙi kawai yake yi. Ta wani attajirin gyaɗa ce, shi kuma ya saye ta hannun wani nasara da zai koma gida. Amma a unguwarmu ba mai gaya mini haka in yarda. Ina gama ɓarar gyaɗa da kai wa akuya dusa, ƙawayena na wasan carafke, ni ina can na cusa kai cikin injin tare da Baba, har Inna tana cewa an yi mata musanyen ɗiya da makanike. Shi ya nuna mini cewa injin kullum cikin zazzaɓi yake, ruwa ne maganinsa. Wani famfo ke tura ruwan ya zagaya injin ya kwaso zafi, ya kai shi gaba wurin lagireto mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, fanka ta fifita shi, ya huce ya koma. Igiya guda ce ke juya famfon da fankar. Na ce ashe yadda Inna ke fifita wa Idi kunu da ludayi ne, ya ce ba shakka.

Akwai kuma wani abu da motocin garinmu ba su da shi. Tiyo biyu sun ratso daga injin zuwa inda ake zama, sun shiga wani ɗan ƙaramin lagireto a saitin ƙafa. In aka murɗa wani ƙarfe, ruwan zafin ya bi ta nan, ɗumi ya cika ɗakin motar. Shofaj ake ce masa. Baba kan ce ƙasar da sai an sa wa mota murhu ai ba ƙasar zama ba ce. Da sanyin safiya lokacin ɗari yakan buɗe mana shi, ni da Idi mu yi ta rige-rigen kara ƙafa muna ƙyalƙyala dariya.

Kafin mu tashi ran nan kakata, Iya, ta naɗe Idi cikin gwado, ta riƙe hannun Inna ta yi mata kashedi. A wancan zamani kowa ya yarda cewa mai ƙyanda ba ya son iska ba ya son ruwa, in suka taɓa shi ƙurajen su koma ciki su kashe shi. Ta ce ko kusa kada a sauke gilashi. Muka shiga gaba, Inna rungume da Idi, ni a tsakiya, aka rufe mu ruf.

Hanyar rairayi ce zalla. Motar tana ta gurnani a ƙaramin giya, tafiya kaɗan wahala da yawa, iskar da za ta taimaki fanka kuma babu. Muka tsaya aka bar ta ta huce aka ƙara mata ruwa, muka sake tsayawa, har salkar da muka ɗauko ta lafe. Rijiyar da Baba ya sa rai da ita muka tarar laka ce kawai a gindinta. Rana na take tsaka na ga allurar da ke nuna zafin inji ta sake jingina da jan layi, na ga Baba yana kallonta yana kallon Idi. Ya ce wa Inna in ruwan ya tafasa ya ƙone, injin zai kafe, mu kwana a daji, yaron kuma ba zai kai gobe ba. Dabara ɗaya ta rage: a buɗe shofaj, ɗan lagireton cikin ya riƙa janye zafin injin yana zubo mana. Sai dai dole a sauke gilashi.

“Malam, ka ji abin da Iya ta ce,” in ji Inna. “Ka buɗe wutarka in ya zama dole. Iska kam ba za ta taɓa mini ɗa ba.”

Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ta ƙara ƙanƙame yaron tana kuka. Gaskiyar magana shi ma bai kuɓuta daga tsoron ba, don da wannan imani aka raine shi. Gaba kura, baya sayaki. Ya miƙa hannu ya murɗa ƙarfen, gilashi kuma ya zauna a rufe.

Ban taɓa shiga zafi irin wannan ba. Iskar da ke fitowa tana ƙona ƙauri, na ɗage ƙafafuna bisa kujera, gumi yana shiga mini ido. Allurar kuwa ta soma ja da baya sannu a hankali, motar ta samu sauƙi. Idi ya yi ta ɗan kukansa a shaƙe, leɓunansa sun tsage, yana lalubar wuyan Inna. Can sai ya yi shiru. Na yi murna a raina, na ɗauka barci ne ya samu. Da muka hango itatuwan Magariya Inna ta ɗaga gefen gwadon, ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar ta rufe har fuska. A hankali ta ce, “Malam, sauke gilashin.” Baba bai tambayi dalili ba. Ya tsayar da motar, ya kifa kai a kan sitiyari.

Ban taɓa jin ɗayansu ya ɗora wa ɗaya laifi ba. Kwana ne ya ƙare, haka suka ce, haka ’yan gaisuwa suka ce. Amma bayan sadakar bakwai Baba ya yanke tiyon nan biyu ya toshe da itace, Inna kuma har ta bar duniya ta fi son amalanke a kan mota. Sai da na girma na ji malaman likita suna cewa mai ƙyanda a ba shi ruwa ya sha, a bar shi ya sha iska. Na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba.

Yanzu ɗana yana da mota mai sanyi. Ya ce wani gas ne ke zagayawa yana kwashe zafin ciki yana zubarwa waje. Kwanan baya jikata ta yi zazzaɓi muka kai ta likita, tana kwance a cinyata, sanyi na kaɗa mata gashi, tana tsotsar ruwa a gora. Kafin mu isa har ta fara neman wasa. Na yi godiya ga Allah, amma na kau da kai wajen taga don kada su ga idona. Da Idi ya rayu, da yanzu tsoho ne mai furfura muna faɗa a kan jikoki.