Turmin Bunu Masunci

A wani ƙauyen masunta da ke gefen Auyo, tun zamanin da ake ciniki da wuri, fatake na ratsa fadama da jakuna su nufi Barno, an yi wani mutum ana ce da shi Bunu. Mutum ne da bai iya zama ba. Ko hira ake yi a gindin tsamiya, shi a tsaye yake yin tasa, yana ɗinkin koma, zare a baki. Bai taɓa zuwa kogi da wuƙa ba. Da haƙori yake yanke zare, da shi yake matse dalmar da ke nutsar da taru, in yunwa ta kama shi cikin jirgi ya gwagwiyi goruba.

Wankin bakinsa bai wuce kurkurar alwala ba. Matarsa Hajo kuwa kullum da safe tana bakin ɗaki da saiwar marke, tana goge haƙora, wani lokaci ta haɗa da toka. In ta miƙa masa guntu sai ya ce, "Ke Hajo, kin taɓa ganin kifi na asuwaki? Ga haƙoransa nan garau." Kafin ta amsa ya kai bakin ruwa.

Shekarar da ruwa ya cinye hanyar ƙauyen, yana cikin jirgi ya ciji dalma, ya ji ƙas a haƙorinsa, turmin hagu. Ya tofar ya ci gaba da aiki. Kafin kasuwa ta zagayo kuncinsa ya yi suntum, ko ruwan randa ba ya iya kurɓa. Aka cusa masa kanwa. Wata tsohuwa ta turara masa 'ya'yan gauta, ta ce tsutsar da ke cin haƙorin za ta faɗo. Bai ga tsutsa ba. Ya dinga zagaya ƙauyen dafe da kunci, har karnuka suka gaji da yi masa haushi.

Ya tura jirgi ya nufi Haɗeja, wurin wansa Ɗahiru mai sayar da goro. Ɗahiru ya dube shi ya yi dariya, haƙoransa jajur.

"Ku mutanen ƙauye kun cika wahalar da kai. Mu nan goro ke kashe mana tsutsa, mata kuma ga furen taba."

Bunu ya lura cewa da gefe ɗaya wan nasa ke tauna goron, amma nasa ciwon ya ishe shi. Aka ba shi kanumfari ya danne a wurin. Ya ɗan lafa, zuwa la'asar ya dawo ya fi da.

Ɗahiru ya kai shi rumfar Mala wanzami a kasuwa. Mala ya buɗe zabira ya zaro awartaki, Bunu na ganinsa ya ce zai kewaya. Bai tsaya ba sai ƙofar gari. Ya bi gindin ganuwa har inda ya ɗaure jirginsa, ya kwance igiya, ya kama sanda. Sai iskar kogi ta shiga bakinsa, ya ji kamar an soka masa allura har ido. Ya sake ɗaure jirgin ya koma da sassarfa.

"Yaya, riƙe min kai," ya ce, "kada ka sake ni ko na zage ka."

Ya kuwa zage shi. Mala ya dafe ƙirjinsa da gwiwa, ya girgiza, ya fizge. Ya nuna masa turmin a tafin hannu, ya rabe biyu, cikinsa baƙi ƙirin.

"Ya daɗe da ruɓewa, dalmar ƙarasa shi kawai ta yi. Na kusa da shi ma ya fara. Ka riƙa kurkurewa da ruwan gishiri, in ya warke ka kama asuwaki."

Bunu ya koma gida da giɓi, harshensa kullum na cikin ramin. Ya sayi wuƙa, kogi ya cinye ta, ya sayi wata. Asuwaki kuwa ya kama shi da irin zafin da yake kama komai, yana tuƙi yana goga har dasashinsa ya yi jini, sai da Hajo ta ce, "Maigida, a hankali, ba tukunya kake kankara ba."

Da kogin ya sauya hanya kifi ya yi ƙaranci, ya kwashe iyalinsa suka koma wajen Kirikasamma. Can turmi na biyu ya fita, sauran kuwa da su aka binne shi. Mutanen wurin sun fi tuna shi da wata ɗabi'a: in ya ga mutum na tauna da gefe ɗaya, sai ya kama masa haɓa ya ce, "Buɗe in gani." Wata rana ya yi wa sarkin ruwan garin haka a bakin mashaya, a gaban jama'a. Dattijon ya hankaɗa shi cikin ruwa. Bunu ya fito yana ɗiga, ya matse rigarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na dai gani. Na sama ne, na dama."