Ƙafa-Biyar Ya Faɗi a Bakin Tasha

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan nan, tsakanin azahar da la'asar, aka kashe malaminmu na waƙoƙin Turanci a bakin tashar motar da ke kallon ƙofar jami'armu. Na ce aka kashe shi, domin takardar da aka manna a allon sashenmu cewa ta yi ya rasu "sakamakon wani hatsari". Ba hatsari ba ne. Ajali na Allah ne, babu mai ja, amma sanadin wannan ajali yana da hannuwa, kuma na ga hannuwan da idona. Ina wurin. Da hannun hagu nake wannan rubutu, na daman yana ɗaure, an yi masa ɗori.

Malam, a bayan idonka ba mu taɓa kiran sunanka ba. Ƙafa-Biyar muke ce maka, saboda ranar farko da ka shigo ajinmu ka ce yawancin tsoffin waƙoƙin Turanci kowane layi ƙafa biyar gare shi, wato bugu biyar, ka yi ta dukan tebur da tafin hannu kana ƙirga mana har allin da ke kai ya gangaro ƙasa. Wani ɗan iska a bayan aji ya ce ai kai ma biyar gare ka: biyu naka, biyu na kekenka, ɗaya sandarka. Ashe ka ji. Bayan wata guda ka sa hannu a ƙarshen takardar gwajinmu da wannan sunan.

Ni da fushi na shigo ajinka. Shari'a na nema, aka jefo ni sashen Turanci. Ka ba mu littafi mai kauri cike da waƙoƙin mutanen da suka mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna yabon furannin da ban taɓa gani ba, suna kukan ƙanƙarar da ba ta taɓa sauka a kaina ba. A mako na biyu na ɗaga hannu na ce, "Malam, kakannin masu waƙoƙin nan da bindiga suka shigo wa kakanninmu. Don me za mu zauna muna haddace musu kirari?" Ka cire tabarau ka dube ni ka ce, "To, Lauya ta iso. Gaskiyarki, 'yata. Ki zo jibi." Daga ranar sunan Lauya ya bi ni.

Jibin ba ka zo da furanni ba. Ka zo da waƙoƙin sojoji, samarin da suka rubuta baitocinsu a cikin ramukan yaƙi, ruwa har gwiwa, ɓeraye na cin gawar abokin da suka raba sigari da shi da safe. Ka zo da tsoffin waƙoƙin ƙauye waɗanda ba a ma san masu su ba, cike da wuƙa da igiyar rataya da uwaye masu jiran ɗan da ba zai dawo ba. Ka karanta su a tsaye, muryarka ba ta tashi ba, ba ta sauka ba. Da ka gama ka ce da ni, "Mai bindigar nan da kike faɗa, shi ma an taɓa kawo masa gawar ɗansa. Karanta ki ji abin da ya ce ranar. Ba don ki yafe masa ba. Don ki gane cewa ya san zafin abin, amma ya yi wa wani."

Ban daina gardama da kai ba, amma daga ranar na fara karatu. Na gane cewa waƙoƙin yaƙinsu iri biyu ne: na waɗanda suka zauna a gida suna zuga, da na waɗanda suka je. Na farko jini a bakinsu ado ne, ja ne mai kyau kamar tuta. Na biyu sun san jini yana da ƙarni, yana daskarewa, ƙudaje na binsa. Ka koya mana rarrabe su tun daga baitin farko. Na kuma gane amfanin ƙafafun nan da muke maka dariya a kansu. Mutum ne zuciyarsa ke tafasa, maimakon ya fasa ihu sai ya tilasta wa kansa ƙirga bugu, ya zuba wutar cikin awo, kamar mai riƙe da linzamin doki mai tutsu. Ko 'yan gajerun waƙoƙin soyayyar nan masu layi goma sha huɗu, da na raina da farko, na tarar yawancinsu tsoron mutuwa ne sanye da rigar biki.

Akwai Dogo a ajinmu, mai in'ina. In aka ce ya karanta, kalma ɗaya sai ta shaƙe shi, jijiyar wuyansa ta miƙe, 'yan aji na ƙumshe dariya. Ba ka tsallake shi ba kamar yadda sauran malamai ke yi don tausayi. Ka jawo kujera ka zauna kusa da shi, ka ce ya riƙa bugun tebur da kai yana karantawa bisa bugun. Ya yi layi ɗaya, ya yi na biyu, ya kai ƙarshen baiti harshensa bai sarƙe ba. Ƙato guda ya kifa kai a tebur yana kuka, kai kuwa ka ce, "Wa ya ce ka tsaya? Saura baiti shida." Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo na bar zuwa makaranta, a keken nan ka nemo gidanmu, ka zauna bakin gadonsa kuna hira kamar tsoffin abokai, da za ka tafi ka ce masa, "Wannan 'yar taka ta hana ni sakat, amma in ta bar karatu ni da kai ne."

Mun kuma san ba ka iya kallon ana cin zali ka wuce. Bara, ana rikicin zaɓen shugabannin ɗalibai, wasu 'yan daba suka shigo ɗakin jarrabawa da adduna suna neman Dogo, don ya ƙi sa hannu a sakamakon ƙarya. Mai gadi ya haura taga. Mu muka shige ƙarƙashin tebura. Kai ka tsaya a bakin ƙofa ka gitta sandarka. Na gabansu ya kai maka sara, ka tare da hannu, addar ta buɗe maka dantse har ana hango fari. Ba ka matsa ba. Jini na ɗiga a kan takalminka kana ce musu, "Jarrabawa ake yi. In kun zo rubutawa ku nuna katinku." Ban san abin da suka gani a fuskarka ba, amma sun juya. Da aka ɗinke hannun muka ce ka daina irin wannan kasada, ka yi dariya ka ce tsoho ai ba a asararsa. Ka yi kuskure a nan, Malam.

Ranar Larabar nan tare muka fito daga aji. Kana tura keke, ina biye da kai muna musu a kan kundin kammala karatuna, ka ce babi na biyu duk faɗa ne babu hujja. Muna isa bakin titi muka ji ihu daga tasha: "Ɓarawo! Ɓarawo!" Wani ɗan dako ne, magidanci mai furfura jefi-jefi, aka ce ya zare wa wani fasinja waya. Kafin mu tsallaka an kai shi ƙasa. Na ga katako mai ƙusa yana sauka a bayansa. Na ga wani ya ɗaga dutse da hannu biyu. Wata mata mai goyo tana ihu a ƙara masa. Haƙoransa biyu na kwance a kan kwalta. Sai ga wani ya gangaro da tsohuwar taya ya zura masa a wuya, wani ya taho da fetur a gorar ruwa yana kwarara masa a ka, ana tambayar wa ke da ashana.

Ka miƙo mini keken ka ce, "Riƙe nan, Lauya." Iyakar abin da ka ce ke nan. Ka kutsa cikinsu kana ture su da sanda, ka durƙusa ka cire tayar daga wuyansa ka wurgar, ka tsaya a kansa ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Na ji muryarka, wadda muka sani a aji: "Ku dakata, bayin Allah! In ya yi sata akwai hukuma. Wa zai amsa wannan ran a cikinku?" Na ɗan lokaci suka ja baya, har na yi zaton abin da ya faru bara zai sake faruwa. Sai wani daga baya, wanda bai ma ga fuskarka ba, ya ce, "Ubangidansu ne! Tare suke!"

Bulo ne ya fara samunka a ƙeya. Tabaranka ya yi tsalle. Ba ka faɗi gefe ba, kan mutumin ka faɗa, ka rufe shi da jikinka, duk abin da aka kawo masa a bayanka ya sauka. Sun dake ka da ƙarfen kwance taya. Sun tattaka hannun nan da aka ɗinke. Sauran fetur ɗin a kanka aka juye. Na saki keken na shiga ina ihu, "Malaminmu ne! Malami ne!" amma muryata kamar ta sauro a cikin injin niƙa. Na kai hannu in kare kanka, ƙarfen ya same ni, na ji ƙashin ya ce ƙas. Wani direban motar haya ne na tashar ya taho da motarsa a guje yana danna ƙaho ba ɗagawa, taron ya dare. Shi ya ɗauke ku ku biyu da hannunsa ya sa a mota.

Kanka na bisa cinyata a hanyar asibiti. Ido ɗaya ne ya buɗe. Ka ce, "Sun kunna?" Na ce, "Ba su kunna ba, Malam. Ga shi nan, yana numfashi." Ka yi kalmar shahada a hankali, sau biyu, ta biyun ban ji ƙarshenta ba. Ɗan dakon ya rayu, ya rasa ido guda. Har yau ban san ko ya ɗauki wayar ba. Kai ma ba ka tambaya ba.

Washegarin jana'iza ɗalibai suka taru a ƙofar gidanka, ba don gaisuwa ba. Da jarkokin fetur suka zo, da gorori, Dogo a gaba, idonsa jajur, yana cewa yau sai tasha ta zama toka, kuma ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Ba zan ɓoye ba, zuciyata tana tare da su. Sai matarka, wadda duk muke kira Mama, ta fito bakin ƙofa, ba ta ƙetare dokin ƙofar ba. Ta dubi jarkar da ke hannun Dogo ta ce, "Ɗana, ni na karɓi rigarsa. Na wanke hannuna ya fi a ƙirga, warin wannan abin da kake riƙe da shi bai fita ba. Shi za ka je ka zuba wa ɗan wata?" Ta nuna direban, yana zaune a tabarmar masu gaisuwa kansa a ƙasa. "Wancan ɗan tasha ne. Motarsa tana can cikin tashar. In kun ƙudura sai kun ƙona, ku fara da gidan nan, don mai shi ne ya fara hana ƙonawa." Dogo ya buɗe baki zai amsa, kalmar ta maƙale, ya yi ta fama da ita har ya zube a ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya aka ajiye jarkokin. An kama mutum huɗu a kan kisanka. Na gane fuskar uku, kuma zan tsaya gaban alƙali in nuna su da yatsa.

Kwanakin nan na koma kan waƙoƙin makoki da ka koya mana, waɗanda mawaƙan suka yi wa abokansu. Wasu sun ba ni haushi, Malam. Mamacinsu kullum tsaf yake, kamar wanda barci ya ɗauke a gona, ba wanda aka fasa wa kai da bulo. Na wurgar da littafin ya bugi bango. Daga baya na ɗauko, don na lura ko waɗanda suka yi wa mutuwa kwalliya, akwai wurin da muryarsu ke karyewa, awon ya rikice, layi ya gaza cika. A da cewa nake kuskure ne. Yanzu na san nan ne mutumin ya kasa riƙe kansa. Na so in kawo maka wannan hujja, da na san za ka ce babin ya fara hankali.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya karɓe ka a matsayin wanda ya mutu yana kare ran da ba na ɗan'uwansa ba. Ya sa kowane dukan da ya sauka a bayanka ya zama kankarar zunubi, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makoma. Waɗanda suka yi wannan aiki, Allah ya tona wanda ya ɓuya a cikinsu, ya hana su barci har sai sun tuba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah ya ba ta juriyar da ta ba mu. Ga 'ya'yanka uku, musamman babbar da ke ɗauke da cikin jikan da ba zai gan ka ba. Ga ƙannenka da abokan aikinka. Mu kuwa ɗalibanka, ba wanda ya zo ya ce mana ya haƙuri, don ba a lissafa mu cikin iyali. To, ni na ce mana: 'yan ajinmu, ya haƙuri. Mu ma an yi mana rashin uba.