Faifan Baffa Zalɓe

Duk wanda yas san Baffa Zalɓe ya san ba shi taɓa faifan garmaho sai ya wanke hannu har gwiwa, kamar mai alwala. Ran Juma'a bayan la'asar shi shimfiɗa tabarma ƙofar gida nan Isa, shi hure faifai, shi goge da gefen rawani, shi ɗaga shi duba tambari. In bai ga zalɓen nan tsaye da ƙafa guda tsakiyar faifai ba, to ba shi hawa garmahonai. Kamfani mai zalɓe kaɗai yas sani, tun zamanin da ake kwasar makaɗa cikin mota a kai su Kudu a ɗauki muryarsu. Can sunan yas samo asali, kuma ku mutanen gari ku kunka laƙa mai shi, kar wani shi yi man musu.

To ni abin da yat tashe ni tsaye, jiya-jiyan nan, ko sadakar bakwai ta rasuwar Baffa ba a gama rabawa ba, sai ga Sahabi, ɗan Baffa na cikinai, wai a ba shi faya-fayan shi rataye gonar gero ta Tozai, wai ƙyallinsu na korar tsuntsaye. Tsuntsaye! Haba Sahabi, ko kunya babu? Ka san sarai cikin akwatin faya-fayan nan akwai faifai guda wanda ubana Mamman, wan ubanka, yake cikin 'yan amshi. Ya rasu ina goye, ko hoto bai bari ba. Muryar nan ita kaɗai gare ni duniya, ita za ka kai gona ka rataye? Wallahi sai dai ka rataye ni tare da ita.

Kun manta wahalar da yas sha kansu? Da allurar garmaho ta ɓace kasuwa, Baffa bai ko girgiza ba, yak koma ƙayar aduwa. Kuma ba ta ko'ina ba, sai ta Burkusuma, wai ta nan Isa laushi gare ta. Wani Bafillace abokinai shi ka aiko mai da ita cikin gwangwanin tumatir ta hannun masu babur. Ƙaya ta ci waƙa ta dakushe, shi fiƙe ta da reza, ta koma aiki. Wata rana na taka ƙaya gona, na zo ina ɗingishi, nag ga gwangwani, nam miƙa hannu in ɗauki guda in cire ta ƙafata.

"Kai! Aje man!"

"Baffa, ƙafata fa ta kumbura."

"Ƙafa biyu gare ka," yac ce. "Ni ƙaya ukku tar rage man."

Shi Sahabin nan ai ya taɓa kawo mai waya, yana ta rawar kai, wai kamfanin na nan bai mutu ba, sun zuba tsoffin waƙoƙi cikin waya. Baffa yak kara kunne, yay yamutsa fuska.

"Ina soye-soyen?"

"Wane soye-soye, Baba?"

"Shuuu ɗin nan na farko, kamar an saka ƙosai cikin mai."

"Ai sun wanke shi, yanzu tas take fita."

"Sun wanke? Wa ya aike su wanki? Waƙar da ba ka murza mata hannu ba, ba ka yi zufa ba, kana kwance ta zo ta same ka? Ɗauke man abinka."

Mun yi dariya ranar har da riƙe ciki. Amma ni da na koma gefe na bincike wayar nan kaf, waƙar su ubana babu ita ciki. Ban ƙara yi ma Baffa dariya ba.

Yanzu bari in faɗi nawa laifi, kar Sahabi shi riga ni. Wata damina Baffa ya tai ta'aziyya Sabon Birni, kwana biyu. Anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗakinai yay yi yoyo daidai bisa akwati. Na buɗe, nag ga faya-fayai sharkaf, hankalina yat tashi. To mi muka yi ma abin da yaj jiƙe ƙasar nan? Shanya! Gero shanya, kuɓewa shanya, tabarma shanya. Ni da gemuna, da ɗiyana huɗu, nah hau tsani naj jera su bisa kwanon ɗaki, rana na ƙwallewa, nat tai gona ina jin na yi abin kirki. Da azahar na dawo na iske sun lanƙwashe sun kakkantare kamar kilishi. Har da na ubana.

Baffa yad dawo, yat tsaya yad daɗe shina kallo.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, Baffa."

"Shanya su kay yi?"

"I, Baffa."

"Aikinka bai cika ba. Ka manta yaji."

Daga nan yaj juya man baya. In na gaishe shi, sai shi amsa ma bango. Wallahi da ya ɗauko sanda da ya fi man sauƙi. Yas samo alluna biyu, yas sa faifan ubana tsakani, yad danne da buhun gero, yac ce ma Inna matatai duk wanda yat taɓa buhun nan, ko yunwa ta shigo gida, ba shi ba shi. Kwana arba'in ina wuce ɗakin nan ina leƙen buhun ina addu'a, don biyu da yag gwada miƙewa kafin wannan duk sun tsage.

Ran wata Juma'a sai ya aiko kirana. Yaf fiƙe sabuwar ƙaya, yam murza garmaho, yad ɗora. Faifan bai tsage ba, amma bai miƙe duka ba, shina juyawa shina ɗan tashi shina sauka. Da anka zo wurin amshi, sai ga muryar ubana tana rawa, tana karkarwa, muryar da na sani garau cikin faifan nan tun ina yaro. Na duƙe ina kuka, nac ce, "Baffa, na ɓata shi. Ka yafe man."

Bai ko dube ni ba, kunnenai na ga garmaho.

"Yi man shiru in ji," yac ce. "Shekara arba'in Mamman na saurayi cikin faifai, ya bar ni ina ta tsufa ni kaɗai. Sai yau naj ji wana ya tsufa."

Yas sake murzawa, munka ji ta har anka kira magariba.

Allah shi jiƙan Baffa, shi yafe mai kurakurainai. Allah shi haskaka kabarinai, shi sada shi da wan nan nai da yay yi ta kewa, shi sa Aljanna ta makomarsu su biyu. Amin.