Ranar da Aka Kai Ni Ɗanɗanon Inabi

Wautata ita ce ni da bakina na yi ta yaɗawa a Ƙofar Marke cewa harshena ba ya kuskure. Kilishi na yi duk tsawon ƙuruciyata, boko kuwa ban wuce ajin da ake rera waƙa ba, to da me zan yi tutiya in ba harshe ba? Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun zazzaɓin da ya kwantar da ni bara, komai na sa a baki kamar jiƙaƙƙen kwali nake ji.

Ɗan wani aminina ya karanto aikin gona, ya dawo ya shuka inabi a fadamar ubansa, inda a da ake albasa. Iri biyu ya sa. Ruwan rijiyarsa ba ya isar duka, dole ya tuge ɗaya. Uban ya ce a ɗauko ni in raba gardama.

Muka tafi da aminin nawa a Keke Napep. Itatuwan inabin duk an ɗaure su a waya, kamar shanya. A ƙarƙashin rumfa an shimfiɗa tabarma, ga kofuna biyu da jan ruwan inabi, kowane iri da kofinsa, ga kilishi, cuku da dabino.

Na ce, "Yaro, ba wanga ne Turawa ka buguwa da shi ba?"

Ya yi dariya. "Baba, da safen nan aka matse shi. Ka kurɓa, ka ɗan riƙe a baki, sannan ka bi shi da nama."

Na kurɓi na farko. Ruwa mai sanyi. Na yagi kilishi na tauna, na ji dai haƙorana na aiki. Na kurɓi na biyu. Ruwa mai sanyi. Na ɗaga kai sama, na lumshe ido, na motsa leɓe yadda na saba yi wa masu sayen nama. Ba kunya na ji ba, ba tsoro ba. Ina dai kallon wani ƙuda a bakin faranti.

"Wanne, Baba?"

Na nuna na dama, don shi ya fi kusa da hannuna. Na ƙara da cewa ya fi ɗaukar yaji.

Yaron ya ce to. Kafin mu sa takalma ya ɗauki gatari ya nufi layin inabin da aka matsa a kofin hagu.

A hanyar komawa aminin nawa ya daɗe yana kallon gonakin shinkafa. Sai da muka shigo gari ya ce, "Ni dai na dama tsami na ji, har ga haƙori. Amma tunda kai ad da baki, shi ke nan."