Eloy Maestas da Ciyawar Ɓauna

A layinmu a Pueblo babu wanda bai san halin Eloy Maestas ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa. Famfon bakin gidansa ma kwaɗo yake sa masa, wai yaran maƙwabta na satar masa ruwa. Ƙuruciyarsa duk a masana'antar ƙarfe ta ƙare, gaban wuta, har kunnensa na hagu ya daina aiki. Da ya yi ritaya, matarsa Delfina kuma ta rasu, sai ya tattara duk abin da ya rage masa na ƙauna ya zuba wa ciyawar ƙofar gidansa. Kullum da safe yana nan da tiyo, ranar Asabar kuma injin yankan ciyawarsa ne ke tashin unguwa. Ciyawar kuwa ta yi kyau, kore shar, a garin da sama ke rowar ruwa.

Bara cikin zafi tiyon ya naɗe masa ƙafa, ya faɗi. Yana nan kwance a rana har Stan Zupan, abokinsa tun na masana'anta da ke gidan tsallake, ya hango shi. Tun daga nan 'yarsa Lorraine da mijinta Curtis suka koyi ƙus-ƙus a kicin. Da ya shigo sai su yi tsit, Lorraine ta hau juya miyar koren barkono kamar ita ce damuwarta.

Eloy ya san inda irin wannan ƙus-ƙus ke kaiwa. Ya ga yadda aka yi da Misis Vigil ta ƙarshen layi: 'ya'yanta suka zo suka gyara ƙofar gida, aka kafa allon sayarwa, ita kuma aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Ba ta shekara a can ba. Shi dai abu ɗaya yake so a duniya, ya mutu a gidan da Delfina ta mutu.

To, da sanyi ya wuce sai ga Curtis da wani inji a bayan mota.

"Baba, ka ji dokar fari, an rage ranakun ba da ruwa. Za mu ɗaye wannan mu shuka ciyawar ɓauna, irin ta dajin nan namu. In ta kama, ba ruwanta da tiyo, yanka ma sai jefi-jefi."

"Wa ya aiko ka?"

"Babu wanda ya aiko ni, Baba."

"Ka taɓa yi min aikin da ba a aiko ka ba?"

Curtis ya yi 'yar dariya ya tada inji. Kafin azahar ciyawar da Eloy ya yi rabin rayuwarsa yana raino ta zama naɗaɗɗun tabarmi a bayan mota. Ya tsaya bayan labule yana kallo, zuciyarsa na tafasa. Wato an fara ke nan. Yau ƙofar gida, gobe allo.

Curtis ya watsa iri, ya riƙa zuwa da kansa bayan aiki yana yayyafa ruwa har tsiro ya fito, siri-siri, launinsa wani toka-toka. Sannan ya yi wa surukinsa kashedi. "Daga yanzu a bar ta ta sha wuya, Baba. Ruwa da yawa kashe ta yake yi, taki kuma ciyawar banza yake ciyarwa. Don Allah kar ka taɓa tiyo."

Kai! Mutum ya miƙa wa Eloy makami da hannunsa. Ya yi lissafinsa tsaf: gidan da ƙofarsa ta zama juji, wa zai saya? Curtis ya ɗauke tsohon tiyon, amma akwai wani a ɗakin ajiye mota, bayan tayoyi. Kullum da sassafe sai ya jawo shi, yana nishi, ya sake wa wurin ruwa har ya kwanta. Ragowar takin zamani ma ya juye duka. Wata bai cika ba tsidau ya bazu, wasu ciyayi masu faɗin ganye suka kai gwiwa, tsiron Curtis ya yi ɗorawa ya narke. In Curtis ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya, sai Eloy ya ce daga baranda, "Irin banza suka sayar maka." A ransa kuwa daɗi yake ji kamar ya taka rawa.

Stan na kallon komai daga tsallake. Wata safiya ya tako da kofin kofi a hannu.

"Kai tsoho, shinkafa kake nomawa?"

"Koma gidanka, munafuki. Kai ma da bakinka a ciki, na ga kuna magana da Curtis."

"Kurma dai bai ji daɗi ba. Cewa na yi ya ara min tsani."

"Tsani! Sayar da gidan nan za su yi, kai kuma kana musu gadi."

Stan ya kurɓi kofinsa. "Ka taɓa ganin mai sayar da gida ya shuka iri? Naɗaɗɗiyar ciyawa suke sayowa su shimfiɗa, da yamma ta yi kore. Haka 'ya'yan Vigil suka yi, a gabanka. Wannan sai ta shekara biyu, uku, kafin ta yi kyan gani."

Maganar ta ɗan soki Eloy, amma ya kaɗe ta. Ai wayon ke nan, a yi abin da ba zai gane ba. Ya ƙara buɗe famfo.

Ranar Alhamis Lorraine ta zo ba ta sanar ba, da safe, a lokacin da ya kamata tana wurin aiki. Ta fito daga mota, takalminta ya nutse a taɓo. Ta bi sawun ruwan da ido har kan tiyon da ke hannun ubanta.

"Baba."

"To, kin gani. Sai ku nemi wani gidan ku sayar."

Ta ce Gilbert, yayanta da ke Denver, shi ne ya nemo masa ɗaki a gidan tsofaffi tun ranar da ya faɗi. Ita da Curtis suka ƙi. Suka ce a ba su shekara guda, za su mai da ƙofar gidan yadda ba sai ya ja tiyo ko ya tura inji ba, ya zauna abinsa. Gilbert ya yarda da sharaɗi ɗaya: in tsohon ya sake jan tiyo, magana ta ƙare.

"Ranar Lahadi zai zo ya gani da idonsa. Me zan ce masa, Baba? Me ya hana ka tambaye ni?"

Eloy ya dubi taɓon da ke ƙafarta. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. "Tsoron amsar nake," ya ce.

Ta je ta kashe famfon da kanta. Ya tambaya ko za a iya sake shukawa kafin Lahadi, ta ce lokacin shuka ya wuce, sai baɗi.

"To nuna min wacce ce tamu a ciki. Ni ban ma san kamarta ba."

Suka bi filin a hankali, tana buɗa ciyayi da ƙafa. Babu komai sai tsidau. Sai can bakin titi, inda tiyon ba ya kaiwa, ta sunkuya. Wani ɗan fegi ne da bai fi faifai ba, busasshe, ciyawar ta kama ƙasa ƙam har ta fara miƙa hannuwa gefe.

"Ita ke nan?"

"Ita ke nan, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya share hancinsa da bayan hannu.

"In Gilbert ya zo, ki ce masa ya ajiye motarsa daidai nan, ita zai fara gani."