Gwaji Ɗaya Na Kashe da Hannuna

Edita, ina roƙo a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina zaune wurin gwaggona a unguwar Galtimari, ba aiki sai rawar kai. Ni mace ce mai son a ce na iya, kuma ba na son jira. Wani malaminmu ya taɓa gaya mana cewa akwai manhajojin da ake barin cikinsu a buɗe, kowa daga ko'ina ya gyara kyauta, idan an karɓi gyaransa a sa sunansa cikin masu aikin. Sunan nan nake so, don in nuna wa masu ɗaukar aiki. Na zaɓi wata manhaja da ƙananan asibitoci ke rubuta sunayen yara masu tamowa a cikinta, ita ke fitar da jerin waɗanda za a ba abincin gyaɗar nan na leda kowane mako.

Gyaran da na ɗauka ƙarami ne, wurin rubuta ranar haihuwa kawai zan daidaita. Ƙa'idarsu kuwa a fili take. Kafin ka aika gyara, sai ka haɗa manhajar gaba ɗaya a kwamfutarka, ka bi duk gwaje-gwajen da aka tanada, ka ga sun wuce, sannan ka sa alama a wani ɗan akwati cewa ka yi. Na'urarsu gajerun gwaje-gwaje kaɗai take bi, dogayen an bar wa amanar mai gyara. A lokacin unguwarmu ta manta kamannin wutar lantarki, kwamfutata kuma tsohuwa ce, batirinta ba ya awa guda. Sai in hau keke zuwa bakin Kasuwar Litinin, wurin wani mai shagon waya ɗan kudu, ya bar ni in jona a janaretansa. Har tsokanata yake yi, wai injiniya ta zo shan mai. Kwana uku na yi a kan bencinsa kafin manhajar ta haɗu.

Rana ta huɗu da la'asar na saki gwaje-gwajen. Ina kallo suna wucewa kore bayan kore, sai guda ɗaya ya fito ja. Na karanta shi, ba zan ce ban karanta ba. Yana gwada yaron da aka rubuta masa shekarar haihuwa kawai, babu wata babu rana, kuma gyarana ya sa manhajar na tsallake irin wannan yaro. Mai shago ya ce mai ya kusa ƙarewa, zai kashe inji. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wane yaro ne a zamanin nan ba a san ranar haihuwarsa ba? Ni da aka haifa a garin nan na faɗi haka. Na kashe gwajin a kwamfutata, na sake bi, komai ya yi kore, na sa alama a akwatin na aika. Mutumin da ke duba gyare-gyare, wani ɗan sa-kai a wata ƙasa, tambaya ɗaya ya yi mini, ko duka sun wuce a wurina. Na ce sun wuce. Da aka sa sunana har hotonsa na ɗauka na nuna wa gwaggo, ta ce ita dai ba ta ga komai ba amma Allah ya sa albarka.

Bayan wasu watanni wata ƙawata da ke aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Bulabulin ta zo gidanmu tana mita. Ta ce tun da aka sabunta musu manhaja sunayen wasu yara suka ɓace daga jerin mako, kuma dokar wurin ita ce wanda sunansa bai fito ba ba a ba shi abinci. Sai da aka yi mako uku ana mayar da iyaye mata kafin aka gane aka koma takarda. Na tambaye ta waɗanne yara ne. Ta ce yawanci 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, da ba a san ranar haihuwarsu ba.  Na roƙe ta in bi ta asibitin washegari.

A can ta nuna mini wata mata zaune a tabarma, ta kawo ɗanta babba awo. Hausarta kaɗan ce, ƙawata ke juya mini daga Barbarci. Matar ta ce tana da 'yar ƙarama da ta haifa a hanya da damina, shekarar da suka baro gida. Sau uku tana goyo ta da ƙafa, sau uku ana ce mata na'ura ba ta san yarinyar ba. A mako na huɗu gudawa ta kama yarinyar, ba ta yi kwana biyar ba ta rasu. Matar ba ta yi kuka ba, cewa ta yi kwananta ne ya ƙare. Da ƙawata ta gaya mata ni mai ilimin kwamfuta ce, sai ta ɗauka gyara na zo yi. Ta kama hannuna biyu ta yi ta sa mini albarka, ni kuma ina cewa amin.

Ranar na rubuta wa masu manhajar gaskiyar abin da na yi. Ban sha zagi ba, da ma sun zage ni. Mai dubawar ya ce su ma da laifinsu da suka bar dogayen gwaje-gwaje ga amana, kuma sun canza tsarin. Gyaran ɓarnata layi huɗu ne, bai kai tsawon sallar azahar ba. Ƙawata da na faɗa mata daga baya ta ce gudawa na kashe yara ko da abincin, kada in ɗora wa kaina abin da Allah kaɗai ya sani. Na san rai na hannun Allah. Na kuma san na ga ja, na karanta, na rufe.

Ya ku ƙannena masu shiga wannan harka, na san wahalar wuta da data, na sha ta. Amma idan ba ku bi gwaji ba, ku ce ba ku bi ba, ba wanda zai kama ku. Idan ɗaya ya fito ja, ku tsaya, domin wani ne ya rubuta shi saboda mutumin da ba ku taɓa gani ba. Ni na ga nawa. Har yau ina wucewa ta Bulabulin, kuma har yau ban iya gaya wa matar nan ko wace ce ta sa wa albarka ba.