Injin Ya Tsaya, Hannuwanmu Ba Su Tsaya Ba

Edita, Allah ya ƙara basira. A shekarar da soja suke shirin miƙa mulki ga farar hula, ni saurayi ne ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, karatuna bai wuce firamare ba, ina aiki a wani ƙaramin gidan buga takardu a unguwarmu. Tun ina yaro ni mai fargaba ne. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon, in wani ya harare ni sai in wuni ina laluben laifina. Da irin wannan zuciya na shiga hannun wanda ya koya mini aiki.

Dattijo ne Kirista, mutumin Filato, yana zaune a Tarauni da iyalinsa, kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa zagina ba. Malam Tsoro yake kirana yana dariya, kuma shi ke tuna mini lokacin salla, ya ce in je amma don Allah kada in jawo doguwar sura. Shi yake tura takarda cikin inji, ni ina karɓa ta ɗaya gefen ina jerawa. Ya koya mini kada in dogara da ido, in saurari ƙarar injin har numfashina ya bi ta. Ya kuma koya mini kada in sha ruwa da safe, wai mai shan ruwa sai ya zaga, inji kuwa ba ya jiran kowa. Goro kawai yake taunawa. Ban taɓa ganinsa a zaune ba. Ni kuwa duk abin da ya faɗa na riƙe shi kamar farilla, har in na ji ƙishirwa sai in ji kunyar kaina.

Da zaɓe ya matso, 'yan takara suka cika mu da aikin buga fastocin hotunansu. Kowa nasa yake so jiya. Mai gidan buga takardun ya ce Baba ya ɗan huta a nemo wani ya taya, Baba ya ce shi da yaronsa sun isa. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, ban san abin da take nufi ba. Daga nan na fara lura da wasu abubuwa. Ya kan tambaye ni abu, in ba shi amsa, an jima ya sake tambaya. Goro yana suɓuce masa daga hannu. Kullum a hanya sai in shirya yadda zan ce masa ya je asibiti, in na iso na ga fuskarsa sai in haɗiye, ina tsoron kada ya ɗauka raini ne.

Wata rana bayan azahar aka ɗauke wuta. Ɗakin injin ba shi da taga, duhu ya rufe mu sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Injin ya yi tsit. Amma ban daina jin motsin takarda ba, ɗaya bayan ɗaya, daidai da yadda muka saba. Da idona ya washe sai na ga Baba a tsaye, idonsa a buɗe, yana ta tura takardu cikin mataccen inji, suna zamewa ƙasa. Fastocin da muka shanya sun kewaye mu, fuskar mutum ɗaya ko'ina, tana murmushi. Na kira shi, bai amsa ba. Na sake kira. A nan ne na duba na ga nawa hannuwan suna miƙewa suna karɓar iska suna jerawa a kan tebur. Wallahi ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, kuma da na so in tsayar da su, ba nan take suka tsaya ba.

Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne tunanin wuta za ta iya dawowa hannunsa yana bakin inji. Na lallaɓa na kashe makunnin, abin da ban taɓa yi ba sai da izininsa. Da na dafa kafaɗarsa sai ya sulale jikina. Bakinsa ya karkace, yana ƙoƙarin ce mini kada in bar tawada ta bushe.

A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ni ma da aka duba ni, likita ya yi mini faɗa kan ƙodata, ya tambaye ni wa ya hana ni shan ruwa. Kafin mako ya zagayo maigidan ya kawo wani a gurbin Baba, aka gama fastocin.

Da na je gaishe shi a Tarauni na tarar an kwantar da shi a tsakar gida. Ya riƙe hannuna, da kyar ya ce shi ma haka nasa maigidan ya koya masa, bai san akwai wata hanya ba. Matarsa, wadda muke kira Mama, ta rako ni bakin ƙofa. Ta ce in yafe mata abin da za ta faɗa: tun da suka yi aure ba ta taɓa wuni da shi a gida ba sai yanzu, har tana jin kunyar daɗin da take ji. Bai shekara ba ya rasu.

Har yau ban iya cewa Baba ya cuce ni ba, domin abin da yake da shi ya ba ni, da mai kyau da mai kisa, bai ware ba. Ni ne ban san ana warewa ba. Don haka nake roƙon matasa masu koyon sana'a, ku karɓi gwanintar mai koya muku, amma ku dubi yadda aikin ya bar jikinsa da gidansa kafin ku kwaikwayi sauran. In kun ga alamar ciwo tare da shi ku faɗa, ko zai yi fushi. Ku kuma masu koyarwa, ku ji tsoron Allah kan yaro mai biyayya, domin irinmu ko rami kuka nufa, a bayanku za ku same mu.